Kundin Rajistar Itatuwa Masu Rai: Nazari a Kan Hanyoyin Ƙididdigewa da Bibiyar Itatuwan Lambun Audu Baƙo, Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyoyin da ake bi wajen rubuta bayanan itatuwa masu rai da bibiyar halin da suke ciki a gandun adana itatuwa. An ɗora nazarin a kan Lambun Dabbobi da Tsirrai na Audu Baƙo, wanda aka fi sani da Gidan Zu, da ke maƙwabtaka da Gyaɗi-Gyaɗi ta ƙaramar hukumar Tarauni a Kano. An dogara ga ayyukan magabata a kan sunayen tsirrai na Hausa da ƙa'idojin da manyan lambunan duniya suke aiki da su. Maƙalar ta fito da ginshiƙai biyar na kundin rajista, wato lambar shiga da suna da asali da matsuguni da alamar jiki, sannan ta nuna yadda yanayin Kano da karin harsunan Hausa suke tilasta a yi wa waɗannan ƙa'idoji kwaskwarima kafin su yi aiki.

Fitilun Kalmomi: gandun itatuwa, kundin rajista, lambar shiga, sunayen tsirrai, Kano

1.0 Gabatarwa

Ba kowane wuri mai tarin bishiyoyi ba ne gandun adana itatuwa. Abin da ya bambanta gandun adanawa da kurmi ko wurin shan iska shi ne rubutu. A gandun adanawa, kowace bishiya tana da shafinta da ke bayyana sunanta da inda ta fito da ranar da ta shigo da wurin da take tsaye. Idan aka rasa wannan shafi, inuwar tana nan, amma darajar bishiyar ta fuskar ilimi ta ragu ƙwarai, domin mai bincike ba zai iya kafa hujja da ita ba.

Buƙatar irin wannan rubutu ta ƙaru a wannan zamani. A shekarar 2021 ƙungiyar lambunan tsirrai ta duniya, BGCI, ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na nau'o'in itatuwan duniya, wato wajen 17,500, suna fuskantar barazanar ƙarewa. Wasu daga cikinsu sanannu ne a ƙasar Hausa. Ƙungiyar IUCN ta sanya maɗaci da kaɗanya da kawo cikin jerin masu rauni, ta kuma sanya madobiya cikin waɗanda suke cikin haɗari. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake gina kundin rajistar itatuwa da yadda ake raya shi, ta yadda ɗalibi da malamin gandun daji za su iya aiwatar da shi a Kano.

1.1 Farfajiyar Nazari

An fara gina Lambun Audu Baƙo a shekarar 1971, aka buɗe shi ga jama'a a 1972, a zamanin mulkin gwamnan jihar Kano na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Faɗinsa ya kai kimanin hekta 46. A lokacin da aka kafa shi, wurin yana gefen gari ne. A yau gidaje da shaguna da manyan tituna sun kewaye shi, yayin da Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku da Darmanawa da sauran unguwannin Tarauni suka cika maƙil da jama'a. Wannan ya mayar da lambun ɗaya daga cikin manyan filaye masu itatuwa da suka rage a tsakiyar birnin.

A shekarar 2020 gwamnatin jihar ta bayyana ƙudurinta na mayar da gidan dabbobin zuwa Tiga, lamarin da ya jawo muhawara. Wannan muhawara ta fito da wani al'amari da ya shafi nazarin nan kai tsaye. Ana iya ɗaukar zaki ko jimina a mota a sauya musu mazauni, amma ba a ɗaukar maɗacin da ya shekara 50 a tsaye. Duk wanda zai yi magana a kan makomar irin wannan fili, ko mai goyon baya ne ko mai adawa, yana buƙatar ya san nau'in itatuwan da ke ciki da yawansu da girmansu. Kundin rajista ne kawai yake ba da wannan amsa.

Sunayen unguwannin Kano su ma shaida ne. Giginyu da Ɗorayi da Kurna da Durumin Iya da Tsamiyar Boka da Kasuwar Rimi duk daga itatuwa suka samo suna. Sunan unguwa yana riƙe da labarin cewa an yi bishiyar, amma ba ya faɗin yawanta ko lokacin da ta ɓace.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan Magabata

Rubuta sunayen tsirrai na Hausa tare da takwarorinsu na kimiyya ya haura shekara 100. A 1916 J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotlan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary. Shi ne kuma tare da John Hutchinson suka samar da Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, sannan a 1937 ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda H. M. Burkill ya faɗaɗa daga 1985. A 1980 Z. O. Gbile na Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan ya wallafa jerin sunayen tsirrai na Hausa, a 1989 kuma R. W. J. Keay ya fitar da Trees of Nigeria.

Waɗannan ayyuka sun amsa tambayar mene ne sunan nau'in bishiya. Ba su amsa tambayar wace bishiya ce wannan da ke tsaye a wuri kaza ba, domin ba aikinsu ba ne. Haka nan ma'adanar busassun tsirrai, irin ta Ibadan da ta Jami'ar Ahmadu Bello da ta Jami'ar Bayero, tana ajiye reshen da aka busar, wanda ba ya girma kuma ba ya mutuwa. Bishiya mai rai kuwa tana girma, tana ciwo, ana sare ta, tana sake tofowa. Saboda haka rajistarta aiki ne da ba ya ƙarewa.

3.0 Ginshiƙan Kundin Rajista

3.1 Lambar Shiga

Lambar shiga ita ce ƙashin bayan kundi. Ana ba da lamba ɗaya ga tsirran da suke nau'i ɗaya, suka fito daga wuri ɗaya, suka shigo a lokaci ɗaya. Gandun Arnold na Jami'ar Harvard a Amurka, wanda aka kafa a 1872, yana haɗa lambar jeri da shekarar shigowa, sannan ya bambanta kowace bishiya da harafi. Bisa wannan tsari, idan aka ɗebo irin kanya daga gindin uwa ɗaya aka rena dashe uku, za a iya rubuta su kamar haka: 2024-0137-A da 2024-0137-B da 2024-0137-C. Idan aka sake ɗebo irin kanya daga wani gari, ko da a rana ɗaya ne, sabuwar lamba za a ba shi.

Akwai ƙa'idoji biyu da ba a karya su. Ta farko, ba a sake amfani da lambar bishiyar da ta mutu. Ta biyu, ba a cusa sunan bishiya ko wurin da take a cikin lambar, domin suna yana sauyawa, dashe kuma ana iya sauya masa wuri. Dangane da tsofaffin itatuwan da aka tarar a tsaye, shekarar da aka yi musu rajista ake sawa, a kuma rubuta a fili cewa ba ita ce shekarar shuka ba.

3.2 Suna

A nan ne aikin ya fi buƙatar haɗin gwiwar masanin tsirrai da masanin harshe, domin matsalar suna ta fuska uku take zuwa.

Fuska ta farko ita ce bishiya ɗaya mai sunaye da yawa. Azadirachta indica, wadda aka shigo da ita Nijeriya ta lardin Barno a 1928, ana kiranta darbejiya da maina da dogon yaro, a wasu sassan yamma da Jamhuriyar Nijar kuma bedi. Abin da Bakano yake kira kanya, a karin harshen yamma kaiwa ne. Haka ake samun bagaruwa da gabaruwa, da kuma kargo da kalgo.

Fuska ta biyu ita ce suna ɗaya mai rufe nau'i fiye da ɗaya. Kargo yana ɗaukar Piliostigma reticulatum da Piliostigma thonningii. Taura kuma tana ɗaukar Detarium microcarpum da Detarium senegalense. Akasin haka, akwai inda Bahaushe ya rarrabe sosai, kamar yadda ya bambanta ɓaure da gamji da durumi da ceɗiya, waɗanda duk jinsin Ficus ne, amma kowanne nau'insa daban.

Fuska ta uku ita ce sauyawar sunan kimiyya kansa. Gawo a tsofaffin littattafai Acacia albida ne, yanzu Faidherbia albida. Kaɗanya ta tashi daga Butyrospermum parkii zuwa Vitellaria paradoxa. Bayan taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbon ta Ostireliya a 2011, bagaruwa ta koma Vachellia nilotica daga Acacia nilotica. Wanda bai san wannan ba zai iya ƙidaya bishiya ɗaya a matsayin nau'i biyu.

Mafita ita ce a ware gurabe daban-daban a kundi: gurbin sunan kimiyya karɓaɓɓe, da na tsofaffin sunaye, da na sunan Hausa na daidaitacciyar Hausa, da na sauran kare-karen harshe tare da yankin da ake amfani da kowanne. Wajibi ne a rubuta haruffa masu lanƙwasa yadda suke, domin kwamfuta tana ɗaukar ɗorawa da dorawa a matsayin kalmomi biyu. Haka kuma a rubuta sunan wanda ya tantance bishiyar da ranar da ya yi, a kuma kai samfurin reshe mai fure ko 'ya'ya ma'adanar busassun tsirrai domin ya zama shaida.

3.3 Asali

Lambunan duniya sun karkasa asalin tsiro gida huɗu, kowanne da harafinsa. Harafin W na wanda aka ɗebo kai tsaye daga daji ne. Harafin Z na wanda aka samu daga shukakken tsiron da aka san asalinsa na daji ne. Harafin G na wanda ya fito daga lambu ko gandun reno ne, harafin U kuma na wanda ba a tantance asalinsa ba.

Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ga aikin dashe. Madobiyar da aka ɗebo irinta daga dajin Falgore, aka rubuta wurin da ranar da sunan mai ɗebowa, tana iya zama uwar da za a mayar da zuriyarta wannan daji. Wadda aka saya a bakin titi ba za ta yi wannan aiki ba, ko da ta fi kyan gani. Bugu da ƙari, dokokin duniya sun shigo cikin lamarin. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi a san asalin albarkatun halittu kafin a yi musayarsu. Yarjejeniyar CITES kuma ta sanya madobiya a rataye na biyu a taronta na 2016, ta ƙara da maɗaci da kawo na Afirka a 2022. Lambun da ba shi da bayanin asali zai sha wahalar musayar iri da takwarorinsa.

3.4 Matsuguni da Taswira

Ana fara raba fili zuwa shiyyoyi, ana amfani da hanyoyi da katangu a matsayin iyaka, a ba kowace shiyya lamba. Daga nan sai a ɗauki ma'aunin matsugunin kowace bishiya da na'urar GPS. Wayar hannu tana iya yin aikin, sai dai kuskurenta yakan kai mita da dama, musamman a ƙarƙashin inuwa mai duhu. A wurin da itatuwa suka yi cunkoso, irin wannan kuskure ya isa ya sa a musanya bishiya da maƙwabciyarta. Don haka ake ƙarawa da awon igiya daga wani abu tabbatacce, kamar kusurwar gini.

Akwai kuma abin lura game da tsofaffin taswirori. Taswirorin safiyo na Nijeriya an gina su ne a kan ma'aunin Minna, yayin da GPS take aiki da ma'aunin WGS84, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana kai gomman mitoci. Dole a rubuta ma'aunin da aka yi amfani da shi a kundi.

3.5 Alamar Jiki

Alama iri biyu ce. Akwai ƙaramin faranti na gorar ruwa wanda aka buga wa lambar shiga, domin ma'aikata. Akwai kuma allon suna domin baƙi, mai ɗauke da sunan Hausa da na kimiyya da ƙasar asali. Ba a ɗaure waya a zagaye gangar bishiya, domin idan ta yi kauri wayar za ta shaƙe ta. Ana kafa doguwar ƙusa marar tsatsa, a bar tazara, a riƙa sassauta ta lokaci-lokaci. A wurin da dubban mutane suke shiga, musamman a bukukuwan Sallah, faranti yana iya ɓacewa. Shi ya sa taswira take zama madogara ta biyu: da ita ake gano lambar bishiyar da alamarta ta faɗi.

4.0 Bibiyar Itatuwa

4.1 Lokacin Zagaye

Yanayin Kano yana tilasta a yi zagaye sau biyu a shekara. Kuka tana kaɗe ganyenta da rani, har mai kallo ya zaci ta bushe. Gawo kuwa akasin haka yake yi: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Mai ƙidayar da ya shiga sau ɗaya kawai zai iya rubuta ɗayansu a matsayin matacce alhali lafiyarsa ƙalau. Zagaye ɗaya a ƙarshen damina, wajen watan Satumba, da wani a bazara, wajen Maris ko Afrilu, za su ba da cikakken hoto. Ƙananan dashe kuwa suna buƙatar dubawa kowane wata a shekaru biyun farko, domin a lokacin ne fari da gara da dabbobi suka fi kashe su.

4.2 Abubuwan da Ake Aunawa

Ana auna kaurin ganga a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Idan babu tef na musamman, sai a auna kewayen gangar da tef ɗin tela a raba da 3.14. Misali, kewayen santimita 157 yana ba da kaurin santimita 50. Ya kamata a ɗiga fenti a daidai wurin awon domin a maimaita a nan. Kuka tana da nata hukunci, domin gangarta tana ajiye ruwa, tana kumbura tana kuma motsewa, saboda haka a wata ɗaya ake auna ta kowace shekara.

Bayan kauri, ana rubuta tsayi da faɗin inuwa da lokacin fure da na 'ya'ya. Ana kuma bayyana lafiyar bishiya bisa matakai ƙayyadaddu, kamar lafiyayya da matsakaiciya da mai rauni da matacciya, tare da dalili: kauci ko gara ko kogo ko ƙuna ko sassaƙe. Sassaƙe yana buƙatar kulawa ta musamman, domin ana ɗibar ɓawon maɗaci da marke da wasunsu don magani, kuma idan aka zagaye gangar da sara, bishiyar mutuwa take yi.

Tarihi ya nuna amfanin irin wannan bibiya. A farkon shekarun 1990 an ga wata cuta mai sa darbejiya zubar da ganye da bushewar rassa a Nijar da Arewacin Nijeriya. Inda nau'i ɗaya ya mamaye dashe, annoba ɗaya tana iya tafiya da inuwar gari. Kundi ne yake nuna wa hukuma ko nau'i ɗaya ya rinjayi sauran, tun kafin ɓarna ta auku.

4.3 Rajistar Mutuwa

Ba a goge shafin bishiyar da ta mutu. Ana rubuta ranar da aka tarar da ita da sanadin mutuwar da wanda ya ba da izinin cire ta. Bayan shekaru, waɗannan shafuka ne za su nuna nau'in da yake jure ƙasar Kano da wanda ba ya jurewa, ta yadda ba za a yi ta kashe kuɗi a kan dashen da ba ya kamawa ba.

5.0 Ajiyar Bayanai

Manyan lambuna suna amfani da manhajoji na musamman irin su BG-BASE da IrisBG da BRAHMS, waɗanda ake biyan kuɗi kafin a yi aiki da su. Ƙaramin lambu yana iya farawa da na kyauta: KoboToolbox domin cike bayanai a waya ko da babu intanet, da QGIS domin zana taswira. Abin da ya fi manhaja muhimmanci shi ne tsari. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da lambar shiga, a ajiye kwafin bayanai a wurare biyu mabambanta, a kuma riƙe littafin rajista na takarda mai ɗinkakken bango. Kwamfuta tana lalacewa, ma'aikaci yana ritaya ko a sauya masa wurin aiki. Tsofaffin masu kula da lambu sukan san shekarar da aka dasa bishiya da wanda ya kawo ta, don haka ya kamata a yi hira da su a rubuta abin da suka sani, a kuma nuna cewa daga baki aka samo shi.

6.0 Shawarwari

Na farko, a rubuta manufar tara itatuwa, wadda za ta fifita na gida irin su ɗorawa da ɗinya da ƙirya da aduwa da goruba da giginya a kan baƙin itatuwa irin su turare. Na biyu, a ƙulla yarjejeniya da sassan nazarin tsirrai da na harsunan Nijeriya na jami'o'in Kano, domin ɗalibai su riƙa yin zagayen shekara a matsayin aikin fili, bisa fom iri ɗaya. Na uku, a nemi shaidar ArbNet, shirin da gandun Morton na Amurka ya kafa a 2011. Matakinsa na farko yana buƙatar nau'in itatuwa 25 masu alamar suna, na biyu kuma 100. Gandun itatuwan gado na cibiyar IITA da ke Ibadan ya riga ya sami wannan shaida, cibiyar kuma tana da reshe a Kano da za a iya neman shawararsa. Na huɗu, a faɗaɗa rajistar zuwa manyan itatuwan da ke harabar asibitoci da makarantu da maƙabartu da bakin tituna a Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni, tare da sa hannun masu unguwanni.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa rajistar itatuwa masu rai ta ginu ne a kan lamba tabbatacciya da suna tantacce da asali sananne da matsuguni aunanne da alama mai ɗorewa, sannan bibiya ta kai-a-kai ce take raya ta. An ga cewa ƙa'idojin duniya suna aiki a Kano idan aka yi la'akari da bambancin karin harshe da saɓanin lokacin kaɗe ganye tsakanin kuka da gawo. Kayan aikin ba su wuce tef da faranti da waya da littafi ba. Itatuwan da aka dasa a Lambun Audu Baƙo lokacin buɗe shi sun haura shekara 50, waɗanda suka ga dashensu kuma suna ƙara ƙaranci, saboda haka aikin hira da su shi ne ya kamata a fara gabatarwa.